Ɗari Biyu

Tasalla ta tafi Yamai jinyar yayarta,
ta bar ni a Bilbis da yara uku da makullin ɗakin girkinta.
A tasha, ƙafa ɗaya cikin mota, ta juyo ta ce:
"Malam, ɗari iri biyu ne a Tawa,
wanda ke shiga ƙashi da wanda ke fita aljihu.
Riƙe na biyun da kyau, na farkon ba ya cin gari."

Na yi dariya.
Ni da na shekara ashirin ina gyaran rediyo,
tukunya ce za ta gagare ni?
Kwana huɗu, gawayin sati biyu ya koma toka,
Illa na tari, diddigen Habsu ya yi faso,
ni ga ni gaban wuta tana ci a banza,
ba tuwo, ba miya, ba shiri.

Ran nan na buɗe ɗakin da fitila a hannu.
Ashe matar nan tun bazara take yaƙi ban sani ba.
Kauɗar tumatir cike da tulu,
ta yanka ta shanya lokacin da kwando bai kai kuɗin shayi ba.
Gabu a ƙulle cikin tsumma, kuɓewa busassa a zare,
wake tiya shida cikin jarka, an cuɗe shi da toka,
ko ƙwaro ɗaya bai sami wuri.

Ƙarƙashin gado, rigunan sanyi na gwanjo.
Na tuna ranar da ta sayo su, zafi na narka kwalta,
na ce mata, "Ke, lafiya kuwa?"
Ta ce mai gwanjon har godiya ya yi mata da ragi.
Yau a kasuwa kuɗin riga ɗaya ya sayi uku na wancan lokaci,
kuma sai ka yi sauri.

Kadiri, ɗan shekara tara, shi ya zama malamina.
"Baba, Inna ba ta barin wake a wuta har ya nuna.
In ya tafasa sai ta sauke, ta naɗe tukunyar da tsohon bargo,
ta sa a kwando, ta tafi harkarta."
Na gwada don in ƙaryata yaro.
Da azahar na buɗe, tururi ya mare ni,
wake ya yi laushi, sai dai na manta gishiri.

Shi ya nuna mini baƙar jarka da ake ajewa a rana tun hantsi,
la'asar ta yi, ruwan wanka ya yi ɗumi ba ko tsinke ɗaya.
Buhun siminti a ninke ya toshe ƙasan ƙofa.
Man kaɗe a gwangwanin madara, a shafa kafin barci.
Kasko kuwa, ya ce, waje yake kwana,
"Inna ta ce garwashi a rufaffen ɗaki ba ya sallama."
Sai muka haɗa shimfiɗa ɗaki guda, mu huɗu,
numfashinmu ya zama namu tsari.

Asuba, kunun kanwa da ragowar tuwon jiya.
Sauran garwashi in kashe da yashi, gobe ya sake aiki.
Tarin Illa bai tafi ba da citta kaɗai,
na kai shi likita, da kuɗin da bai ƙone a murhu ba.

Jiya ta kira. Ba ta tambayi lafiyata ba tukuna,
"Gawayi saura nawa?"
Na ce rabin buhu.
Ta yi shiru, har na zaci layi ya yanke.
"Wa ya koya maka?"
Kadiri na gefe yana ɗaura wa tukunya bargo kamar jariri,
na ce, "Ke dai dawo. Akwai labari."